Tankin Mota Ma Yana Numfashi

Yarana, ku da kuke koyon kanikanci a garejojin bakin titin Zariya, tun daga gadar Kawo har nan Rigachikun, ina so mu zauna a kan wata matsala guda wadda ba ta cika ido ba, amma ta ci kuɗin mutane da yawa, ta kuma rage wa kanikawa da yawa daraja a gaban masu mota. Ita ce matsalar tankin da ya kasa shaƙar iska. Zan yi maganar a kan gajerun motocin nan masu ƙofa biyu, irin su Mustang da Camaro da BMW Z4 da Mercedes SLK, waɗanda 'ya'yan masu hali suke fitowa da su ranar Sallah ko ranar ɗaurin aure, domin a jikinsu ciwon ya fi saurin fitowa, a kansu kuma kuskure ya fi tsada. Amma abin da zan faɗa yana aiki a kan Corolla da Golf da Sharon ɗin haya, har da babur da janareta.

Ga yadda maganar take zuwa muku. Mai mota zai ce da safe bugu ɗaya ta tashi, a cikin gari ba ta nuna komai ba. Da ya hau babban titi ya sake mata, wajen Maraban Jos ta fara nauyi, kafin Jaji ya taka totur ta ƙi amsawa, ta yi ta cijewa har ta mutu a gefen hanya. Wani mai taimako ya buɗe murfin tanki don ya ga ko mai ne ya ƙare, aka ji dogon huci, aka mayar da murfi, aka murza makulli, ta tashi lafiya lau. Na san abin da yake fara zuwa bakinku in kun ji haka: "Famfon mai ne, Oga." Wani ya ce kwil ne yake ɗaukar zafi. Sai a tura yaro Panteka ya sayo famfo, a ɗaura, mota ta yi kwana biyu ba ta yi tari ba, saboda lokacin aikin an buɗe tankin ya sha iska. Daga nan ciwo ya dawo, mai mota ya dawo da ɓacin rai, ku kuma ku ce mai kayan gyara ne ya ba ku jabu. Alhali tun a labarin farko an miƙo muku amsa, a daidai inda aka ce an buɗe murfi an ji huci.

Ku lura da mai shayi in zai zuba madarar gwangwani. Huda biyu yake yi, ɗaya madara ta fita, ɗaya iska ta shiga, in ya toshe ta biyun da yatsa sai madarar ta tsaya. Haka tanki yake. Duk litar fetur da famfo ya zuƙa ya tura wa inji, dole litar iska ta shigo ta zauna a gurbinta. In ba ta samu hanya ba, famfo zai riƙa ja ta gabansa, tanki yana riƙewa ta bayansa, har ƙarfin famfon ya gaza, man da ke isa ga injekta ya ragu, inji ya shaƙe. Kada ku raina ƙarfin da ke cikin wannan. Iskar da muke yawo a cikinta tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin da ya kusa kilo 1. Ba ma jin nauyin ne don ta kowane gefe take dannawa daidai. To, in iskar cikin tanki ta ragu da kashi 1 cikin 10 kacal, kuma faɗin gindin tankin rabin murabba'in mita ne, nauyin da ke tura gindin nan sama ya kai kilo 500. Shi ya sa za ku ga tankin ƙarfe ya loɓa ba tare da ya bugi dutse ba, na roba kuma ya tsage a bakin ɗinki, gejin mai ya fara ƙarya saboda gindin tanki ya taso ya tokare hannun fulot.

Mu da muka buɗe ido a kan Peugeot 504 ta Kakuri, inda kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a 1975, ba mu sha wahalar wannan ba sosai. Kafireta ce, famfon yana jikin inji, numfashin tankin motocin wancan zamani kuma bai wuce 'yar kafa a murfi ko siririn tiyo a wuyan tanki ba. Tururin fetur yana fita sarari abinsa, ba wanda ya damu. A Amurka aka fara hana hakan, jihar Kalifoniya a motocin 1970, sauran ƙasar a 1971, saboda tururin yana cikin abin da ke ɓata iskar birane. Daga nan aka toshe murfi, aka sa wa tanki akwatin gawayi, wanda muke kira kanista. Daga 1996 kuma aka wajabta wa duk motar da za a sayar a can tsarin OBD-II, wato soket ɗin nan na ƙarƙashin sitiyari inda kuke jona sikana, kwamfutar mota ta koma tana gwada tankin da kanta, har tana iya gane yoyon da bai wuce faɗin milimita 1 ba, daga baya ma rabin milimita. Turai ta bi sahu da nata tsarin a motocin fetur a 2001. Yawancin motocin da ke shigo mana ta Legas da Kwatano a ƙarƙashin waɗannan dokoki aka ƙera su, don haka wanda bai san hanyar numfashinsu ba zai yi ta lalube.

Hanyar kuwa ba ta da wuyar riƙewa. A saman tanki akwai ƙananan bawul waɗanda suke barin tururi ya wuce, amma in mota ta kife sai su rufe don kada mai ya zuba. Daga nan tiyo ya tafi kanista, gawayin ciki ya riƙe tururin. Kanista tana da wasu baki biyu. Ɗaya ya nufi inji, a kansa akwai bawul ɗin gaba, wanda masu kayan gyara suke kira faj bawul. Ɗayan ya nufi sarari, nan ne hancin tanki, kuma a motocin Amurka akwai bawul ɗin baya a kansa, wato bent bawul, galibi da 'yar matatar ƙura. Ku haddace wannan ko da kun manta sauran: a yawancin motoci, in babu wuta, na gaba a rufe yake, na baya a buɗe. Kwamfuta tana buɗe na gaba ne in inji ya yi zafi, don ya zuƙe tururin da ke cikin gawayi ya ƙona, iska mai tsabta kuma ta shigo ta na baya. Murfin tanki na asali shi ma yana da ɗan bawul a cikinsa, mai buɗewa in zuƙar ta yi yawa, shi ne mai ceto na ƙarshe.

Saboda haka tanki yakan tsuke ne ta hanya biyu. Ko dai hancin ya toshe, famfo yana ta kwashe mai ba abin da ke shigowa, wannan a hankali yake zuwa, sai an yi tafiya. Ko kuma bawul ɗin gaba ya maƙale a buɗe, inji yana zuƙar tanki kai tsaye. Wannan na biyun ya fi muni, domin zuƙar inji a kan silo ta haura rabin ƙarfin iskar sarari. In aka haɗa biyun, ga hanci a toshe, ga inji yana ja, ga murfin jabu wanda ba shi da bawul, tanki ba ya daɗewa.

Yanzu ga abin da nake roƙonku da shi. In irin wannan mota ta shigo, kada wanda ya taɓa murfin tanki sai kun shirya sauraro, domin da an buɗe shi shaidar ta tafi, sai an sake wata tafiyar. In da hali, ku ce a kawo ta da zafinta, ko ku bi mai ita zuwa inda ta tsaya. A kashe inji. Ku yagi siririyar leda ko takarda mara nauyi ku riƙe a bakin wuyan tanki, ɗaya daga cikinku ya murza murfin sannu a hankali. Kunne kaɗai yana yaudara, hucin shiga da na fita kusan ɗaya suke a ji. Ledar ce za ta faɗi gaskiya. In ta lanƙwasa ciki, ba warin mai sosai, wani lokaci ma ku ji tanki ya yi "ɓam" a ƙarƙashin mota yana komawa yadda yake, to zuƙa ce. In ta yo waje, warin fetur ya bugi hancinku, to matsi ne ya taru. Ɗan gajeren huci na fita da tsakar ranar Afrilu, bayan mota ta sha kwalta, ba abin tayar da hankali ba ne, domin fetur yana da sassa marasa nauyi da suke fara tafasa tun zafi bai kai digiri 40 ba. Wanda ya yi tsawo, ko wanda yake tura murfi a hannunka, shi ne abin bincike, kuma sau da yawa hancin nan dai ne ya toshe, domin ƙofar da iska take shiga ta nan rarar matsi take fita. Sababbin Ford, har da Mustang, ba su da murfi, ƙofa ce mai komawa da kanta. Akwai ɗan mazurarin roba da ke zuwa da motar a but, da shi za ku tura ƙofar, kada ku zura sukundireba ku lalata robar bakin.

In leda ta nuna zuƙa, sai gwaji na biyu. Ku tabbata mai bai wuce rabin tanki ba, ku sassauta murfi, ku yi irin tafiyar da take kashe ta. In ta wuce lafiya, an wanke famfo daga zargi. Wutar cek injin tana iya kamawa saboda murfin da kuka sassauta, ku goge ta daga baya. Wanda yake da gejin matsin mai, kuma ina so kowane gareji ya mallaki ɗaya, ya jona ya gani da idonsa. Motocin injekta na yau da kullum suna aiki ne a matsin wajen bar 3 zuwa 4. Za ku ga allura tana sauka a hankali yayin da tafiya take nisa, da an buɗe murfi ta koma wurinta. In kuwa murfi a buɗe yake amma allura ta ƙi tashi, to yanzu kuna da hujjar zargin famfo, ko matatar mai, ko rile da wayar da ke kai masa wuta.

Daga nan ku je gaba, don shi ne mai sauƙi. Ku nemo bawul ɗin gaba kusa da inji, ku zare soket ɗinsa, ku cire tiyon da ya fito daga baya, ku tayar da mota, ku ɗora yatsa a bakin bawul ɗin. Bai kamata ku ji komai ba. In ya kama yatsa, a buɗe ya maƙale. Irin wannan mota tana da wata alama: in an gama shan mai a gidan mai sai ta yi wuyar tashi, saboda tururin da sabon mai ya koro ya cika inji. In kun cire bawul ɗin kun karkaɗa, kuka ga baƙaƙen ƙwayoyi suna faɗowa, to gawayin kanista ne ya farfashe ya biyo tiyo. Canza bawul kaɗai a nan asarar kuɗi ce, sabon ma zai maƙale. Sai an canza kanista an busa tiyon tas.

Sannan ku shiga ƙarƙashi. A nan ne ƙasarmu take da nata ciwon wanda littafin masu ƙera mota bai cika ambata ba. An taɓa kawo mana wata jar mota mai ƙofa biyu wadda ta yi damina guda a ajiye ƙarƙashin rumfa, an riga an canza mata famfo a wani wuri. Da aka ɗaga ta muka bi tiyon numfashi har ƙarshensa, can saman tayar baya, sai ga bakinsa a liƙe da jar laka, an shafe shi sumul. Yaro ya sa waya ya tona, laka ta zubo, a bayanta ga ƙananan tsutsotsi da zanzaro ya tara wa 'ya'yansa, ɗaki a bayan ɗaki, tsawon ɗan yatsa. Aikin bai ci ko sisi na kayan gyara ba. Kada ku ɗauka a nan kaɗai ƙwari suke wannan ɓarna. A 2011 kamfanin Mazda ya janye motocin Mazda6 kusan 65,000 a nahiyar Amurka ta Arewa saboda wani ƙaramin gizo-gizo da yake saƙa a cikin wannan tiyon, saƙar ta toshe iska, tanki ya shiga haɗarin tsagewa. Suka sa ɗan sifirin a bakin tiyon don hana shi shiga, amma a 2014 sai da suka sake janye wasu 42,000, suka gyara lissafin kwamfuta don ta rage zuƙar da take yi wa tanki. In babban kamfani da injiniyoyinsa sun sunkuya sun leƙa bakin tiyo, ba ƙasƙanci ba ne ku ma ku sunkuya.

Bayan zanzaro sai ƙura. Motar da take shiga lungunan da ba kwalta, ta sha jar ƙasa da rani, ta sha hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, matatar bawul ɗin baya takan cika. Da ruwan farko ya sauka, ko aka kai ta wurin wanki aka harba mata ruwa ta ƙasa, ƙurar ta zama taɓo ta bushe a ciki. Ku cire bawul ɗin, ku hura ta cikinsa da famfon keke. Ba wuta, iska ta wuce ba tangarɗa. Ku ba shi wuta daga batir, can nesa da tanki, ku ji ya yi "ƙas" ya rufe. Kada ku sa baki a tiyon da ya fito daga tanki, kada kuma ku jona masa kwamfuresar mai faci. Na'urar hayaƙi da ake gwada wannan layi da ita ba ta wuce rabin fam na matsi ba, taya kuwa fam 30 da wani abu ake ba ta. Iskar kwamfuresa tana fasa bawul ɗin saman tanki, ta kashe sansan matsi, ta kumbura tankin kansa.

Abu na uku ɗabi'armu ce. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kowa yana so in ya samu ya cika har wuya. Kan famfo ya katse, a ce ƙara, a jijjiga mota, a ƙara, har mai ya leƙo. Masu ƙera tanki da gangan suka bar sarari a samansa. Fetur yana kumbura da kusan kashi 1 cikin 1,000 a kowane digiri na zafi, wato lita 60 da ta fito da sanyinta daga rijiyar gidan mai, in ta ƙara digiri 15 a rana, ta ƙaru da kusan lita guda. In ba sarari, sai ta bi tiyon tururi ta sauka cikin kanista. Gawayin nan don tururi aka yi shi, in ya jiƙe da ruwan mai sai ya dunƙule, ya toshe, ya farfashe. Ku ɗaga kanistar a hannu, mai lafiya ba ta da nauyi, wadda ta sha mai kuwa za ku ji ta tiƙis. Motocin Amurka daga 1998 zuwa 2000 aka mayar da su yadda tururin lokacin shan mai ma ta kanista yake bi, shi ya sa in ta toshe za ku ji mai mota yana ƙorafin kan famfo yana katsewa kowace lita biyu. Da kun ji wannan ƙorafi tare da na mutuwa a hanya, kun san gida ɗaya suka fito.

Motar tsere tana da ƙarin nata. Gajeriya ce, tudun rage gudu da ramuka suna gogar cikinta, tiyon ƙarfe ya matse ko na roba ya lanƙwashe ba a sani ba. Tana shan mai da yawa in an sake mata, don haka abin da zai ɗauki Corolla sa'a biyu kafin ya bayyana, ita cikin ɗan lokaci za ta nuna. Tana daɗewa a ajiye, zanzaro ya samu sukuni. Salansarta tana wucewa dab da tanki, in mai gyaran jiki ya cire faifan da ke tsakaninsu ya ƙi mayarwa, mai ya yi ta tafasa, matsi ya yi yawa. Da yawa daga cikin masu ja da tayar baya kuma tankinsu gida biyu ne, ya hau kan furofela, mai yana tsallakawa daga ɗaya gefen zuwa na famfo ta wani ɗan bututu mai aiki da ƙarfin man da famfon ya turo. In wannan ya samu matsala, mota za ta mutu geji yana nuna kwata, saboda gefen famfo ya bushe. Alamar tana kama da ta zuƙa, amma buɗe murfi ba ya tayar da ita, ƙara mai ne yake tayar da ita. Ku tambayi mai mota wanne ne daga ciki ya tayar da ita, mai tambaya ba ya ɓata.

Sikana tana da amfani, ban hana ku ba. P0441 tana nuni ga zuƙar bawul ɗin gaba, P0446 ga layin numfashi, P0442 da P0456 ƙaramin yoyo, P0455 babba, sau da yawa murfi ne. Wani lokaci P0171 ce za ta fito, wato mai ya yi wa inji kaɗan, sai a tafi ana wanke injekta a banza. Lambar tana faɗa muku unguwar da za ku nema ne, sauran aikin na hannu ne da ido. Motar da aka ƙera don kasuwar Turai kuma galibi ba ta gwada tankinta yadda ta Amurka take yi, hancinta zai iya toshewa gaba ɗaya sikana ta ce lafiya. Wasu Toyota na Amurka suna da ɗan famfon iska da yake tashi da kansa bayan kamar sa'a 5 da kashe mota, don gwada yoyo. In mai gida ya zo a tsorace ya ce motarsa tana gurnani da dare, ku kwantar masa da hankali.

Akwai gyaran da nake so ku bari, ko da kun ga manya suna yi. A ɗauki ƙusa a huda murfi, ko a yanke tiyon kanista a bar shi yana reto, mota ta tashi, a karɓi kuɗi. Gaskiya ne ba za ta sake mutuwa a hanya ba. Amma daga ranar man mutumin yana tashi sama dare da rana, wanda ya saya da tsada. Ƙura da ruwa sun samu ƙofa zuwa famfo da injekta. In ya kulle ta a garejin gida tururi yana taruwa a ƙasa, don ya fi iska nauyi, ga janareta a gefe, ga yara suna shiga da fita. In kuma Allah ya ƙaddara ta kife, murfin da aka huda zai zubar da mai kusa da salansa mai zafi, mutane suna ciki. Motar da ake wasan juyi da ita a wurin biki ta fi kowace kusanci da wannan. Sassauta murfi dabarar isa gida ce, ta sa'a guda, kuma ku faɗa wa mai mota haka ƙarara. Hudar murfi a babur da janareta daidai ce, don haka aka yi su, ku ma ku riƙa duba ta in Boxer ta mutu bayan ɗan tafiya, musamman in mai ita ya sa leda a ƙarƙashin murfi don hana yoyo. A motar da aka yi da kanista kuwa, gyara shi ne a buɗe mata hanyarta ta asali, a sa murfin da ya dace da ita.

Na san abin da ke sa ku gaggawa. Mai irin wannan mota yakan zo da abokai, yana duba agogo, kai kuma kana jin kunyar a ce ba ka gane nan take ba. Wani lokaci ma zuciya tana raya maka cewa in ka ce laka ce ka tona, ba abin da za ka samu, famfo kuwa da ɗan abin da zai ragu. Ɗana, amana aka ba ka. Ka ce, "Yallaɓai, a ba ni zuwa la'asar in gwada ta a hanya, ba na so in sa ka sayi abin da ba shi ne ba." Ka nuna masa lakar a tafin hannunka, ka faɗi kuɗin bincikenka ba tare da jin nauyi ba, domin ganowa aiki ne kuma halal ne a biya shi. Ka gaya masa ya tsaya da shan mai a katsewar farko, ya riƙa tayar da motar yana zagayawa da ita ko da sau ɗaya a mako. In famfon ya riga ya gaji saboda daɗewa yana ja da tankin da ya tsuke, wannan ma ka faɗa, a canza shi bayan an buɗe hanci.

In tanki ya riga ya loɓa ko ya tsage, kada ku kai shi wurin mai walda, ko an wanke shi da omo, ko an shanya shi kwana da kwanaki. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururi ya gauraya da iska yana jiran tartsatsi. Kafin ku sauke shi ku cire kan batir, ku hana kowa sigari da ashana a wurin, ku yi aikin a fili, ban da cikin rami inda tururi yake kwanciya. Na roba da ya ɗan shiga ciki yakan koma daidai in ya samu iska, amma ku duba bakin ɗinki da zoben da famfo yake zama a kai. Wanda ya tsage sai canji. In kun je Panteka neman na Beljiyam, ku tafi da lambar shasi, domin tankin motar Amurka da na irinta ta Turai ba lallai bakunan tiyonsu su zo ɗaya ba. Ku ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a gindinsa ku ga ko ya taɓa loɓawa, ku jijjiga ku ji bawul ɗin samansa suna motsi, ku hura ta kowane baki da famfon hannu kafin ku biya kuɗi.